Ranar da Yamar Ya Danne Jirgin Sama

A Get Ndar, unguwar masunta da ke kan siririn yashin nan da ya raba kogi da teku, mutanen gidan Jeye ba su taɓa mallakar kwalekwale ba, amma da wuya ka ga kwalekwalen da ya fita ba da aikin hannunsu ba. Su ke ɗinka zanen iska, babban ƙyallen da ake ɗaura wa sandar tsakiya, iska ta cika shi ta kai mutane inda kifi yake. A gidan nan aka haifi Yamar, a shekarun da ake harhaɗa gadar ƙarfen da ta haɗa tsibirin Ndar da tsallaken kogi.

Ƙato ne na gaske. In ya zauna a tabarma ya shimfiɗa zane a cinya, sai ka rantse allurar za ta ɓace a tsakanin yatsunsa, amma ɗinkinsa ya fi na kowa kyau da daidaito. Ga shi da son sabon abu kamar me. Ranar da ya fara ganin mota a tsibirin, inda tsakiyar birni yake, ya yar da aikin da ke hannunsa, ya bi ta a guje har ƙofar gidan gwamna.

Gidan yana da doka ɗaya, kuma da dalilinta. Kakan Yamar ya taɓa ɗinka wa wasu zane cikin gaggawa, ya miƙa musu ya koma kan wani aikin. Suna tsakiyar raƙuman ruwa ɗinkin ya ɓalle, mutanen ba su dawo ba. Tun daga ranar tsohon ya yanke cewa duk wanda ya ɗinka zane a gidan, da shi za a fara fita, yana tsaye, unguwa na kallonsa. In ɗinkin zai ci mutum, ya fara da mai shi. Abin da ya sa ke nan masunta suke wuce maɗinkan tsallaken kogi su kawo aiki gidan Jeye. Mai riƙe da dokar a zamanin Yamar ita ce yayar ubansa, Gwaggo Penda, 'yar ƙaramar tsohuwa da lofe ba ya barin bakinta. A wurinta basillar kakan take kwana, cikin ƙahon sa da aka cika da kitse. Kullum da safe Yamar zai durƙusa ya karɓa, da yamma ya mayar.

Masunta kuwa murna suke yi in ya zo hawan gwaji, saboda nauyinsa. In iska ta bugi zane kwalekwale ya karkata, wanda ya fi kowa jiki ne yake tsalle ya taka gefen da ya ɗaga, ya kama igiya, ya saki jikinsa baya a kan ruwa har kwalekwalen ya miƙe. Shi ake ce wa dannewa. Yamar ba ya jiran a ce masa, jikinsa kan riga tunaninsa. Kuma yana da salon kansa: ƙafa ɗaya a gefe, igiya a hannun dama, hannun hagu a sama kamar mai kiran wani daga nesa.

A shekarar 1925 jiragen sama masu ɗaukar wasiƙu suka fara zuwa Ndar. Ranar farko, ko malaman makarantar mishan ba su iya riƙe yara a aji ba. Waɗancan masu taya ne, a fili suke sauka, ragowar Babban Yaƙi, ana ce musu Birege. Fukafukansu hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, faɗinsu mita goma sha huɗu da 'yan kai, an tokare tsakani da sanduna, an ɗaɗɗaure da wayoyi a gicciye. Inji ɗaya, ƙarfin doki ɗari uku, wurin zaman mutum biyu, babu rufi. Dalilin hawa biyun kuwa, injunan lokacin ba su da ƙarfi, sai da fiffike mai yawa jirgi yake tashi. Fiffike ɗaya dogo, in an yi shi marar nauyi, karyewa zai yi, amma biyu da aka haɗe kamar akwati suna riƙe juna. Yamar ya sha zuwa ya tsaya bayan wayar da aka kewaye filin da ita yana leƙe, bai taɓa samun kusantar ko ɗaya ba.

Bayan 'yan shekaru, an sha ƙaramar salla, mutanen tsibiri kuma suna shirin Ista, sai ga wani iri daban. Wannan bai nufi fili ba. Ya zagaya gari, ya yi ta saukowa, mata na salati, yara na ihu, sai kawai ya kwanta a kan kogi ya tsaga ruwa biyu, ya tsaya yana lilo kamar agwagwa. Cikinsa kwalekwale ne sak, na katako, tsawonsa ya kusa mita goma sha biyar. Fukafukansa hawa biyu, faɗin mita ashirin, ƙarƙashin bakin kowane gefe akwai ɗan mitsitsin kwalekwale da ke hana fiffiken tsomawa. Injuna biyu suna sama tsakanin fukafukan, sun ba juna baya, ɗaya na ja, ɗaya na turawa. Kamfanin wasiƙu ne ya kawo shi don tsallaka teku zuwa tsibiran yamma. Aka yi masa masauki kudu da unguwa, bayan maƙabartar masunta, aka kewaye da waya, aka zuba masu gadi.

Yamar ya dawo gida bakinsa ya ƙi rufuwa. "Kwalekwale ne, wallahi! Kwalekwale ne mai zane biyu a kwance!"

Ba a daɗe ba, wata rana jirgin na sauka, wani kwasakwasa, babban tsuntsun ruwan nan, ya tashi daga kogi ya yi karo da fiffiken ƙasa na dama. Da hantsi sai ga wani gajeren Bature mai jan wuya, hannu duk baƙin mai, yana tambayar gidan maɗinka. Kazal sunansa, shi ne babban makaniken jirgin. Ya tarar da Yamar a tabarma, kusa da shi Dawur, ɗan Gwaggo Penda, taubashin Yamar, yana gyaran komar kamun kifi. Wolof ɗin Kazal, wato yaren garin, na kasuwa ne, rabi da baki rabi da hannu, amma an gane shi: fiffike ya yage, mai ɗinka musu yana Dakar, jirgi ba ya jira.

"Maigida," in ji Dawur, "ashe wando za ka ɗinka wa tsuntsun Nasara. Ka auna ƙugun da kyau."

"Rufe mana baki, bawa. Yaushe ɗan mace ya fara sa baki manya na magana?"

"Manya a jiki. Ka dai bi a hankali, kada ka taka musu jirgi ya nutse, a zo a ce mu biya da kifi."

Yamar bai ma ji ƙarshen maganar ba, ya riga Baturen fita.

An jawo jirgin kan tudu, an cire fiffiken an ɗora a kan gangunan mai. Yamar ya kai hannu. Ya ɗauka ƙarfe zai taɓa. Ashe ƙyalle ne! Lilin ne mai kyau, an lulluɓe shi a kan siraran haƙarƙari na katako, waɗanda yaro zai iya karyawa da gwiwa. Ya leƙa ta wurin yagewar, ya ga zare, ya ga ƙulli, ya ga sawun allurar wani maɗinki da bai taɓa gani ba, can a wata ƙasa. Sai ya fashe da dariya har masu gadi suka leƙo. Abin da ke ɗaukar Turawa sama, ashe aikin gidansu ne.

Kazal ya ba shi lilin da zare da kakin zuma, ya zana masa girman facin da yatsa, ya hau kan injunansa. Yamar ya ƙare wa sauran fiffiken kallo, ya girgiza kai. Abu na farko da ake koya wa yaro a gidan Jeye shi ne ciki: ba a yanka zane a shimfiɗe, ana bar masa ciki a tsakiya, wurin da iska za ta zauna. Wannan kuwa an ja shi ƙam, babu inda iska za ta sa ƙafa. A ransa ya ce rowar yadi ce ta Nasara. Ya ƙudura zai nuna musu yadda ake yi. Ya yanka facin da yalwa, ya tattare gefuna a hankali, ya fitar da ciki mai kyau irin wanda ubansa zai gani ya yi shiru don daɗi.

Da Kazal ya sauko, Yamar na tsaye ya harɗe hannu yana jiran yabo. Baturen ya danna facin da tafin hannu, ƙyallen ya lotsa, ya dawo. Wuyan nan ya ƙara ja. Ya zazzaga wasu kalmomi da Faransanci, ya zaro wuƙa, ya farke aikin daga wannan baki zuwa wancan.

Ba a taɓa sa wa ɗinkin Yamar wuƙa ba. Ya yi taku ɗaya, inuwarsa ta rufe Baturen. Kazal ko gezau. Ya kama ƙaton hannun, ya ja shi zuwa lafiyayyen gefen fiffiken, ya buga da shi. Fiffiken ya amsa kamar ganga.

"Naka zane, iska na tura shi daga baya," in ji Kazal. "Wannan, iska na gudu a kansa, sama da ƙasa, kilomita ɗari da hamsin a awa. In ta samu sako-sako, fat, fat, fat!" Ya kaɗa hannu, sa'an nan ya nuna ƙasa da babban yatsa.

Yamar ya san wannan ƙarar. Ita ce ƙarar zane in kwalekwale ya fuskanci iska kai tsaye, yana bugun kansa har ya yayyage. Fushin ya sauka, wani abu mai daɗi ya maye gurbinsa.

"Nuna mini," ya ce.

Aka sake daga farko. Kazal ya ba shi wata allura doguwa kamar tsinken tsire, wadda ke shiga ta saman fiffike ta fito ta ƙasa, ta zagayo haƙarƙarin ta dawo, kowane ɗinki da ƙullinsa, don in ɗaya ya tsinke sauran su riƙe. Gefunan kuwa da basillar kakansa ya yi su. Da aka gama aka shafe facin da wani ruwa mai kauri, mai wari har tsakiyar kai, aka bari ya bushe, aka sake shafawa. Yana bushewa yana tsuke ƙyallen. A ƙarshe Yamar ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, facin ya amsa da murya ɗaya da sauran fiffiken. Nan ya taka rawa a gaban masu gadi, Kazal na tafa masa da sifana a jikin ganga.

A gida, an kewaye kwanon shinkafa da kifi, shi ko loma bai kai ba, sai labari. Gwaggo Penda ta bari ya ƙare. Ta cire lofe.

"To madalla, Jeye. Yaushe za ka hau?"

"In hau me, Gwaggo?"

"Ɗinkinka."

Dawur ya ƙware da shinkafa.

"Haba Gwaggo, ai wannan ba zane ba ne, fiffike ne."

"Ƙyalle ne?"

"Ƙyalle ne."

"Iska ke ɗaukarsa?"

"Ita ce."

"In ya ɓalle, mutanen ciki za su dawo gida?"

Gwaggo ba ta jira amsarsa ba.

"Da basillar ubana ka yi shi, ko da ta Nasara?" Ta miƙa hannu. Ya ciro basillar ya ba ta, ta soke ta cikin ƙaho. "Tana nan sai ranar da ka hau, a tsaye, unguwa na gani. Kafin nan kada ka taɓa zanen kowa a gidan nan."

"Inna, ki yi masa rangwame," in ji Dawur yana share hawayen dariya. "In ya hau, ai sai dai jirgin ya bi ta ƙarƙashin ruwa zuwa tsibiran."

"Kai kuma ci abincinka."

Maganar gaskiya, hawan bai ba Yamar tsoro ba, abin da yake mafarki ke nan tun ranar da ya fara tsayawa bayan waya. Samun hawan ne aiki. Washegari ya sa babbar rigarsa ta salla ya je wurin matuƙin jirgin, wani dogon Bature mai suna Larok, wanda ba ya son yawan magana. Larok ya dube shi daga hula har takalmi, ya ce jirgin na wasiƙu ne, kuma Yamar shi kaɗai ya kai buhu huɗu. Ya koma, aka sake ce masa a'a. Ya sake komawa, masu gadi suka hana shi shiga.

A unguwa kuwa labari ya bazu. Lokacin kifi ya ƙarato, zannuwa sun taru a zaure, babu mai taɓawa. Wata safiya wani tsohon masunci da ya shekara talatin yana kawo musu aiki ya zo, ya gaida Gwaggo da kyau, ya naɗe zanensa ya saɓa, ya nufi gada. Yamar na zaune yana kallonsa har ya ɓace. Ya san in uku suka bi bayansa, sauran ma sun tafi, gidan Jeye ya zama labari.

Sai ya je ya zauna a bakin waya, wurin da Kazal ke fitowa shan taba. Ya ba shi labarin duka, da kakan, da mutanen da ba su dawo ba, da basillar. Ya ɗauka Baturen zai yi dariya. Sai Kazal ya kaɗe tokar tabarsa ya ce:

"Ka san me ya sa nake hawa duk ranar gwaji? Ni ba na son sama. Amma wanda ya koya mini aiki ya ce, in ka taɓa inji, ka zauna ƙarƙashinsa." Ya murje tabar da takalmi. "Ranar gwaji babu buhu. Kuma ana bukatar mutum a goshi, mai kwance igiya, mai kama gangar da ake ɗaure jirgi a ruwa in an sauka. Ka iya igiya?"

"Ni? A Get Ndar aka haife ni!"

"Ka riƙa zuwa da safe. Larok, bar ni da shi."

Abin da aka faɗa tsakanin Turawan biyu, babu wanda ya ji, sai dai an ga Kazal ya ajiye sifanarsa a ƙasa ya harɗe hannu, an ga Larok ya ɗaga kafaɗa.

Ranar ta zo ba shiri. Yamar ya iso da safe, ya tarar an mayar da fiffike, jirgi na kan ruwa, iska ta yi daidai, Larok na cewa yanzu ko a fasa. Kazal ya sa ya tuɓe riga da hula, don kada iska ta kwashe su ta kai wa farfela. Ya nuna masa wani rami kamar bakin rijiya a goshin jirgin, gaban wurin zaman matuƙi.

"Ka kwance igiya, ka jawo ta ciki, ka zauna, kai a ƙasa. Ba ka tashi sai mun sauka. Ka ji?"

"Na ji."

Aka tayar da injin gaba, aka tayar da na baya. Ƙarar ta shiga haƙoransa. Ya kwance igiya daga gangar ƙarfen da jirgin ke ɗaure a jikinta, ya naɗe, ya duƙa. Jirgin ya fara tafiya, ruwa na dukan katako a ƙarƙashinsa kamar kowane kwalekwale, har ya ji kamar yana gida. Sai dukan ya ƙaru, ya zama rawa, goshin ya ɗaga, jirgin ya hau kan ruwa yana tsalle a ƙananan raƙuma, ta, ta, ta, ta. Sai shiru a ƙasa. Ruwan ya sake su.

Yamar ya yi wata kururuwa da shi kansa bai ji ba. Ya ɗaga ido daidai bakin ramin. Ga kogi ya zama ɗan zare, ga tsibiri kamar kwalekwalen da aka ɗaure da gada, ga hasumiyar coci, ga masallaci, ga teku ya tafi har inda ido ya gaji. Yana dariya, iska na busar da haƙoransa, yana kiran sunan Allah yana ƙara dariya.

A tsakiyar dariyar abin ya faɗo masa. Babu ɗan Get Ndar ko ɗaya da ya ga ya shiga. Ba a ba shi lokacin aika wa gida ba, masu gadi kuma ba 'yan unguwa ba ne. Daga ƙasa ba a ganin komai sai cikin jirgi. Ga shi a zaune kamar kaza a akurki, ɗinkinsa na bayansa, ko ganinsa ba ya yi. Har ya ji muryar Dawur: maigida, a cikin wace ciyawa ka ɓuya ka dawo ka ce ka tashi sama? Ya yi hawan, amma hawan bai ci ba, kuma Larok ba zai sake ɗaukarsa ba.

Yana cikin wannan, Larok ya sauko ƙasa-ƙasa ta kan teku, ya nufo unguwa don ya juya ya koma kogi. Ya kwantar da jirgin hagu.

Yamar ya ga teku ya miƙe tsaye a gefe ɗaya, sama ta koma ɗaya gefen. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Kwalekwale zai kife! Kafin ƙiftawar ido ya miƙe, ya taka gefen dama da ya ɗaga, igiyar goshi a hannun dama, ya saki jikinsa baya a kan sarari, hannun hagu a sama.

"Ku danne! Ku danne!"

Iska ta make shi kamar bango. Kumatunsa suka koma baya, wandonsa na bugun ƙafafunsa, igiyar na cin tafinsa. Amma da ya juya kai don ya sami numfashi, ga shi nan, daf da shi: facinsa, a fiffiken ƙasa na dama, rana na ƙyalli a kansa, a miƙe ƙam, ko ƙulli ɗaya bai motsa ba.

A bakin teku mata na shanya kifi, maza na jan kwalekwale. Da jirgin ya kwanta ya juyo musu da bayansa, kowa ya ga abin da ke goshinsa. Dawur ne ya fara sakin igiyar da ke hannunsa.

"Inna! Inna! Wancan ƙaton bayan ko a lahira na san shi! Dubi hannun! Yamar ne, wallahi yana danne wa Nasara jirgi!"

Unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. "Jeye! Jeye! Jeye!" Mata suka bar kifi suna guɗa, karnuka suka samu na banza. Gwaggo Penda ta kare ido da hannu, lofen ya faɗi a yashi, ba ta duba ba.

Larok kuwa, da ya ga mutum a rataye a goshin jirginsa, farfela na juyawa a bayansa, sai ya daidaita fukafukan a hankali, don kada ya zubar da shi. Jirgin ya miƙe. Yamar ya ji kwalekwale ya dawo daidai kamar yadda ya saba, ya gyaɗa kai, ya koma raminsa ya zauna, ya waiwayo ya yi wa Turawan murmushi irin na wanda ya gama aikinsa. Fuskar Kazal ta yi fari kamar lilin.

Sun sauka lafiya, Yamar ya cafke gangar a jifa ɗaya. Larok ya fito ya yi ta faɗa, wanda bai taɓa haɗa kalma goma ba sai ga shi ba ya numfashi, ya rantse ko jirgin zai ruɓe, Yamar ba zai sake taka shi ba. Kazal ya zauna a kan yashi, sai da ya sha taba biyu sa'an nan ya iya magana.

"Jirgi ba ya kifewa, mahaukaci! Haka yake juyawa. Larok ne ya miƙe shi don kada ka faɗi."

"Ya karkata?" in ji Yamar.

"Ya karkata."

"Na danne?"

"Ka danne, amma..."

"Ya miƙe?"

Kazal ya riƙe kai da hannu biyu.

Tun daga maƙabarta jama'a suka tare shi. Sun so su ɗaga shi sama, nauyi ya hana, sai suka raka shi da kiɗa har gida, ba riga, ba hula, tafin hannu na jini. Gwaggo Penda na zaune a ƙofar ɗakinta, ƙahon a cinya. Ya durƙusa. Ta dube shi.

"Mun gan ka, a tsaye. Ɗinkin fa, ka duba?"

"Na duba, Gwaggo. Ko ƙulli ɗaya."

Ta zaro basillar, ta goge kitsen a gefen zaninta, ta sa masa a hannun da ba ya jini.

"To tashi. Zannuwan mutane na zaure, kifi ba zai jira ka gama labari ba."

"Maigida," in ji Dawur daga baya, "gobe in za a juya gadar ƙarfe don jirgin ruwa ya wuce, a kira ka ka danne?"

"A kira ni. Kai kuma ka riƙe mini takalmi, aikin bawa ke nan."

Kafin la'asar tsohon masuncin nan ya dawo daga tsallaken kogi da zanensa a kafaɗa, ya ajiye a zaure, ya ce dama can bai ga alamar sun iya ba.

Yamar bai sake tashi sama ba. Amma har jiragen ƙyalle suka ƙare, in fiffike ya yage a Ndar shi Kazal ke aika wa. Gwaggo ta yanke cewa hawa ɗaya ya wadatar wa dukan jiragen Nasara, tunda unguwa ta ga yadda ɗinkinsa yake a sama, kuma ba ta son a wayi gari an tsinto mata ɗan ƙane a kan rufin coci. Daga baya aka zo da jirage masu fiffike ɗaya, na ƙarfe, waɗanda ba su da abin da allura za ta kama. Bayan su injin ya shigo kwalekwale, zanen iska ya fara raguwa, har ya zama sai tsofaffi. Masaukin jirgin nan mai sauka a ruwa kuwa, yanzu yashi ya cinye rabinsa.

Ya tsufa a kan tabarmar nan tasa, basillar na kwana a ɗakinsa bayan Gwaggo ta rasu. In jirgi ya wuce sama yakan dakata da ɗinki, ya bi shi da ido. In ya ga ya karkata zai juya, sai ka ga kafaɗarsa ta dama ta ja baya da kanta. 'Yan makaranta da suka karanta yadda jirgi ke juyawa sun sha zuwa su yi masa bayani, har da zane a kan yashi. Yakan saurare su har ƙarshe, ya yaba musu, sa'an nan ya buɗe tafin hannunsa ya nuna musu tabon igiyar.